Rigimar "harshen" ƙuda a zauren masu nazarin ƙwari

Dakta Habu: Assalamu alaikum. Wallahi abin nan yana ci mini rai. Da an ji ɗalibi yana digirin dakta a kan yadda jin ɗanɗano na Drosophila, ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, ya sauya ta hanyar juyin halitta, sai a ce ɓarnar kuɗi ce. Alhali ga wani nau'insu, D. suzukii, nan, tun da ya ɓulla a Kalifoniya da Turai a 2008 yake huda ceri tun yana jikin bishiya, ba ya jiran ya ruɓe kamar danginsa. Ɗakin gwajin John Carlson a Jami'ar Yale ya nuna a 2021 cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na gashin jin ɗaci sun ɓace daga harshensa. Wannan ce ɓarnar?

Malama Rabi: Dakta, ƙuda ba shi da harshe. Leɓen bakin tsotso ne, labelam, mai gashi kusan 31 a kowane gefe a nau'in melanogaster da aka fi nazari, dogaye da matsakaita da gajeru. Kuma akwai gashin ɗanɗano a ƙafafu da gefen fukafukai.

Dakta Habu: Na san haka. Don mai karatu ya fahimta na ce harshe.

Malama Rabi: Ai ta nan kuskuren ke shiga. Ɗalibin da ya riƙe "harshe" a kansa leɓe kawai zai gwada, ya bar ƙafa, alhali da ƙafa macen take fara taɓa ɗan itacen kafin ta yi ƙwai.

Malam Isa: Ranki ya daɗe, Dakta ya fi mu sanin wannan. Kuma gwajin miƙa baki, inda ake duba ko ƙuda zai miƙo bakinsa in ya ɗanɗana abu, ai a ƙafa ma ake yin sa. A hana ƙudajen abinci awa 24 a kan takarda mai danshi, a sumar da su da ƙanƙara, a manna bayansu a kan gilas, a bar su su farfaɗo cikin akwati mai laima. Sai a shayar da su ruwa har su ƙoshi, sannan a taɓa ƙafar gaba da ruwan sukari mai ƙarfin milimola 100. Wanda ya tsallake ruwan nan ƙishirwa yake aunawa.

Malam Tanko: Awa 24 ta yi wa wasu nau'o'in yawa. Yunwa mai tsanani tana ƙara son zaƙi, tana kuma rage gudun ɗaci, to me ka auna? Gwajin rini ya fi. Abinci biyu a cikin aga (wani abu mai kauri kamar jeli), ɗaya da shuɗin rini, ɗaya da ja, a saka ƙudaje a duhu na minti 90, a daskarar da su, a ƙirga masu shuɗin ciki, masu jan ciki da masu shunayya.

Malam Isa: Ka kuma juya rinin? In ba a musanya launin tsakanin abincin biyu ba, son rini ka auna. Kuma da zarar sun haɗiye, cikin ma ya sa baki. Gr43a, ɗaya daga furotin masu jin ɗanɗano, yana jin furuktos, sukarin 'ya'yan itace, a cikin ƙwaƙwalwa.

Malam Tanko: Kowa ya san ana juyawa. Ku masu manna ƙuda da gam kullum gani kuke ku kaɗai ke aiki.

Auwal: Don Allah malamai, ƙudan nan shi ne mai sa tsutsa a mangwaro?

Malama Rabi: A'a, ƙanena. Na mangwaro Bactrocera dorsalis ne da Ceratitis, dangin Tephritidae. Drosophila dangi ne daban.

Hajiya Binta: Ku dawo kan ƙwayoyin gado. Melanogaster yana da ƙwayoyin gadon jin ɗanɗano (Gr) 60 masu samar da furotin 68. D. sechellia na tsibiran Seshel, wanda ya dogara da ɗan itacen noni duk da gubar asid oktanoyik da ke cikinsa, ya fi danginsa saurin zubar da waɗannan ƙwayoyin, kamar yadda mai bincike McBride ta nuna a 2007. Hujjar ke nan.

Malama Rabi: Hajiya, ƙirga ƙwayoyin gado ba ya gaya miki abin da jijiya ke ji. Sai an ɗora bututun gilas mai ruwan sinadarin tirikolin sitiret milimola 30, wanda ke ɗaukar lantarki, a kan gashi ɗaya, an ƙirga bugun jijiyar. Gashin ma a bar shi ya huta tsakanin gwaji, in ba haka ba bugun zai ragu a ɗauka ɗacin ne ba ya ji.

Hajiya Binta: Gashi ɗaya ɗaya, nau'i nawa za ki gama kafin kuɗin tallafin ya ƙare?

Malam Isa: To, in taƙaita wa waɗanda suka shigo yanzu. An yarda maganar Dakta gaskiya ce, "harshe" ba laifi ba ne, kuma gwajin miƙa baki shi ne abin dogaro. Na rini taimako ne kawai.

Malam Tanko: Wa ya yarda?

Malama Rabi: Ni dai ban yarda da "harshe" ba. Auwal, in za ka karanta aikin na suzukii, duba ɓangaren ƙafa ma, kada ka tsaya a leɓe.