Yaran shagona sun iya walda amma babu takarda, ina mafita?

Assalamu alaikum. Ina da shagon walda a Kano, kuma akwai samari da suka ƙware a hannuna: ƙofa, taga, tankin ruwa, duk suna haɗawa ba sai na tsaya a kansu ba. Matsalar ita ce duk wanda ya nemi aiki a masana'antun Sharaɗa ko Challawa, yana isa ƙofar kamfanin sai a ce ya kawo shaidar sana'a. Takardar yayewa da nake rubuta musu da hatimin shago ba sa ko kallonta. Ɗaya har ya gaji ya koma tuƙa adaidaita sahu, abin ya tsaya min a rai.

Na ji cewa Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na ba da takardar gwajin sana'a da ake kira Trade Test, daga mataki na 3 zuwa na 1, sannan hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke Kaduna na da tsarin tantance wanda ya koyi sana'a a shago. Wacce kamfanoni suka fi karɓa? Yawancin yaran nan allo suka yi, Turancinsu bai taka kara ya karya ba. Ana iya gwada su a aikace kawai, ko dole sai sun yi rubutu? Don Allah wanda ya bi hanyar ya faɗa min ofishin da zan fara zuwa da abin da ake kashewa.