Yarona mai galahanga ya ƙi zama a aji, makaranta na neman dawo min da shi

Uwar yara uku, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Autana shekararsa biyar, bara likita ya tabbatar mana yana da galahanga, wato otizim. Kalmomin da yake faɗa ba su wuce goma ba, in yana son abu hannuna yake ja ya kai ni wurin. Mun sa shi nazare a zangon nan, su kusan arba'in ne a ajin. Da an kaɗa ƙararrawar asambuli sai ya toshe kunne ya kama ihu. A aji ba ya minti biyar a zaune, wani lokacin har ya ciji bayan hannunsa. Kullum kafin ƙarfe goma an kira ni in je in ɗauko shi. Yanzu shugabar makarantar ta ce in nemi wani wuri. Me zan roƙi malamarsa ta yi wanda ba zai fi ƙarfinta ba? Ni kuma a gida ta ina zan fara?

Malamin ajin yara masu buƙata ta musamman

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Duba maganarki ta ƙarshe: kullum ya yi ihu, sai a kira ki ki kai shi gida. Ba da niyya ba, makaranta ta koya masa cewa ihu ne mabuɗin ƙofa. Ba taurin kai ba ne. Wurin ya yi masa nauyi, ba shi da bakin da zai ce "a fitar da ni", sai ya kama hanyar da ta taɓa yi masa aiki.

Ki sayi littafi mai 20 leaves irin na 'yan makaranta ki ba malama. Ta ja layi gida huɗu: ƙarfe nawa, me ya faru kafin ya rikice, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. Kalma uku-huɗu a kowane gida ta isa. A yi haka kwana goma na makaranta. A ƙarshe za ku ga abin yana da lokaci da dalili: ƙararrawa, bitar da yara arba'in ke yi da murya ɗaya, ko lokacin da aka karɓe masa abu ba sanarwa.

Kafin nan ga abin da malama za ta iya ba tare da an kashe kuɗi ba. Asambuli a ɗage masa shi tukuna. Ki riƙa kai shi bayan an watse, ya shiga aji ya tarar an zauna. Bayan mako biyu a tsayar da shi can bayan layi na minti biyu na ƙarshe, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wurin zamansa ya zama layin gaba, a gefe ta jikin bango, nesa da ƙofa da tagar da ke kallon janareta ko titi, kuma kada a canza masa shi.

A manna masa jadawalin hotuna a kan teburinsa, daga sama zuwa ƙasa, hoto huɗu ko biyar kawai: aiki, wasa, tara, aiki, gida. Duk wanda aka gama shi da kansa zai cire ya jefa a ambulan. Yaro mai galahanga rashin sanin abin da ke tafe ne ke tayar masa da hankali, hoto kuma yana nan a gabansa bayan magana ta wuce. Wannan tsarin na shirin TEACCH ne, wanda Eric Schopler ya kafa a jihar North Carolina ta Amurka, amma kwalin indomi da salatif sun isa a haɗa shi.

Aikin da za a ba shi ya zama mai ƙarshe da ido ke gani. "Zauna ka yi rubutu" ba shi da iyaka a wurinsa. Murfin kwalba goma da gwangwanin madara biyu, ja nan, shuɗi nan, wannan ya san in murafun sun ƙare ya gama. A fara da minti uku, ya gama a ba shi abin da yake so nan take. Umarni ya zama kalma biyu, "ɗauki fensir", sannan malama ta ƙirga goma a zuciyarta kafin ta sake faɗa, kuma da kalmomin farko za ta maimaita. Yawancin manya a nan suke kuskure: kafin ya gama narkar da jimlar farko an ɗora masa uku.

Sai katin hutu. Hoton tabarma a wani lungu na ajin. Da malama ta ga ya fara toshe kunne, ta kama hannunsa ya miƙo katin, ta bar shi ya je lungun minti uku. A makonnin farko duk lokacin da ya miƙa a ba shi, ko sau goma ne, don ya gane katin ya fi ihu saurin biya. Ranar da aka fara ƙin kiranki ihun zai ƙaru na 'yan kwanaki kafin ya sauka, ki gaya wa makaranta tun yanzu don kada su ce abin ya lalace. Bulala kuma kada ta taɓa shi ko kaɗan, tsoro take ƙarawa a kan abin da ya riga ya fi ƙarfinsa.

In kin je wurin shugabar, ki roƙi gwajin mako shida na awa biyu kullum, ki zo ɗaukarsa a lokacin da aka tsayar, yana cikin natsuwa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba shi haƙƙin karatu, amma ki fara da lalama, don malamar da ta yarda da zuciyarta ta fi wadda aka tilasta.

Mai gyaran magana, Kaduna

Malam ya gama da aji. Abu ɗaya zan ƙara masa: katin hutu ba zai yi aiki ba sai yaron ya fara sanin cewa miƙa hoto yana kawo abu, wannan kuma a gida ake koyar da shi. Sunan hanyar PECS, Andy Bondy da Lori Frost suka tsara ta a 1985.

Maman yaro, ki zaɓi abu uku da yake mutuwar so, misali biskit, lemo, ko wata motar wasa. Ki ɗauki hoton kowanne da waya a kan farin ƙyalle, ainihin wanda yake gani a gida, ki buga a shagon buga takardu, faɗin kamar kwalin ashana biyu, a yi masa laminatin. Ki ɗauke abubuwan daga inda hannunsa ke kaiwa. In yana iya ɗauka da kansa ba shi da dalilin roƙo.

Mutum biyu ake buƙata a farko. Ke a gabansa riƙe da guntun biskit, ki raba ɗaya gida shida don kada ya ƙoshi da wuri. Hoton a tsakaninku. Yayarsa ko babansa a bayansa, shiru. Kada ki ce "me kake so?", kada ki ce komai. Da ya miƙo hannu zai ƙwace, na bayan ya kama hannun ya ɗora a kan hoton, ya ɗaga, ya sa a tafinki. Hoton na taɓa hannunki ki ce "biskit" ki ba shi a daƙiƙar. Na bayan ya riƙa janye taimako daga ƙarshe: ya fara barin sa ya saki katin da kansa, sannan miƙawa, sannan ɗauka. A samu kamar sau talatin a yini, a warwatse, biyar da safe, biyar da la'asar, haka.

In ya iya shi kaɗai, ki ja baya taku ɗaya, gobe biyu, har ya riƙa bin ki madafa da katin. A canza mai karɓa, a canza ɗaki, in ba haka ba zai ɗauka ke kaɗai ake yi wa. Bayan nan ne ake sa hoto biyu, ɗaya abin so, ɗaya abin da bai damu da shi ba kamar safa. Ya miƙo safa, safa za ki ba shi, daga nan zai fara duban hoton da kyau.

Inda ake ɓata aikin: ya miƙo kati a riƙe biskit a ce "sai ka faɗa". Kin karya alkawari ke nan, zai watsar da katin ya koma jan hannu. Ke dai ki riƙa faɗin sunan. Hoton ba ya hana magana fitowa, yara da yawa a kansa suke fara furta kalmar. Kuma kada a tsaya kan abinci kaɗai, a sa ruwa, fita waje, lilo.

Yare kuma ki yi masa Hausar da ake yi a gida. Ba sai kun koma Turanci don makaranta ba.

Uwar yara uku, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na manta ban faɗa ba: har yanzu da famfas yake zuwa makaranta, shi ma suna ƙorafi a kai. Abinci kuma farar shinkafa da taliya kawai, ko miya ta taɓa gefe ya ture. Surukata ta ce a daina asibiti a koma ruƙiyya, wata maƙwabciya kuma ta ce allurar rigakafi ce ta jawo.

Likitan yara

Hajiya, na fara da rigakafi don kada 'ya'yan maƙwabta su rasa nasu. Maganar ta samo asali ne daga wani rahoto na 1998 a Ingila, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010 bayan an gano ba gaskiya a cikinsa, kuma binciken da aka yi a kan ɗimbin yara bai sami alaƙa ba. Alamomin galahanga kan bayyana ne a shekara ɗaya zuwa biyu, lokacin da ake allurai, shi ya sa mutane ke haɗawa. Addu'a kuma babu mai hana ku, a yi masa cikin sanyin murya. Abin da za ki tsaya a kai shi ne ba duka, ba ɗauri, ba turnuƙa masa hayaƙi, ba jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Ki je da mahaifinsa ya yi wa Hajiya babba bayani, ta fi jin ta bakinsa.

Yaron da ke cin shinkafa da taliya zalla sau da yawa cikinsa a bushe yake, kuma ciwon da ba ya iya faɗa yakan fito a cizon hannu. Ki lura: kwana nawa yake yi bai yi bayan gida ba, yana fita da tauri? In haka ne a fara magance wannan a asibiti, don wanda kashi ke yi wa zafi ba zai yarda da fo ba. A duba haƙoransa da kunnensa, a yi gwajin ji in ba a taɓa yi ba. In yana ƙafewa da ido na 'yan daƙiƙu, a kira shi ko a taɓa shi bai motsa ba, ki ɗauka a bidiyo ki nuna wa likitansa, farfaɗiya ta fi yawa a cikin yara masu galahanga. Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga. Akwai irin su risperidone da likitan ƙwaƙwalwa kan rubuta in cutar da kai ta tsananta, tana sa ƙiba da barci, kada a saya a kemis bisa shawarar wani.

Batun famfas: kwana uku ki riƙa duba shi duk rabin awa kina rubuta lokacin da ya jiƙe. Sannan ki zaɓi hutun makaranta, ki cire famfas da rana ki sa masa wando, ki ƙara masa ruwan sha, ki zaunar da shi a fo minti goma kafin lokacin da ya saba, zaman minti uku zuwa biyar. Ya yi, lada nan take, abin da ba ya samu sai a nan. Ya ɓata wando, ki canza masa ba faɗa ba fara'a. Masai mai rami da duhu yana tsorata su, ki fara da fo a wuri mai haske ki riƙa matsar da shi ƙofar banɗaki. Ruwan buta a lokacin sanyi ki ɗan ɗumama, wasu saboda shi kaɗai suke gudu.

Mai gyaran magana, Kaduna

Na abincin bari in ƙarasa. Kada ki ɓoye miya a ƙasan shinkafa, in ya gano zai iya barin shinkafar ma. Ki sa sabon abu ɗaya, girman ƙwayar wake, a wani ƙaramin faranti kusa da nasa, kuma ki fara da mai kama da abin da ya saba a launi da laushi: dafaffiyar doya, farin ƙwai, dankalin turawa. Matakan su ne ya yarda yana kusa, ya taɓa, ya sunsuna, ya lasa, ya ciza ya tofar, sannan ya haɗiye. Kowanne ci gaba ne, ki yaba masa. Abu ɗaya zai iya ɗaukar kwana goma sha biyar ko fiye, kada ki kawo na biyu sai ya ɗanɗana na farkon. Ki tsayar da lokutan cin abinci, ki rage biskit da lemo a tsakaninsu, in ban da guntayen da kike aikin kati da su.