Bakin teku da iyali a hutun Afrilu: waɗanda suka je su faɗa mana inda ya fi sauƙin aljihu

Maman Ummi, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa kai iyalinsu bakin teku. Kwasar adashen maigidana za ta faɗo daidai hutun zango na biyu a watan Afrilu, mun kuma yi niyyar fitar da yara daga zafin Kano ko na mako guda ne. Mu shida ne har da autanmu da bai daɗe da yaye ba. Ruwa mafi girma da suka taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga. Shi maigidan Legas yake so, ni kuma ana ta ba ni labarin Kwatano da Gana. Albashi muke ci, ba mu da halin jirgin sama. Don Allah wanda ya je da ƙafarsa ya gaya mana abin da ya gani, da inda kuɗi ya fi zurarewa.

Baban Sadik, Kaduna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu Legas muka je bara, a irin wannan hutun. Shi tekun kansa ba shi ne mai cin kuɗi ba. Mota ce, sai masauki, sai ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma, kuma babbar bas ta dare, zuwa da dawowa, ta lashe fiye da rabin abin da muka ware. Abin da ya rufa mana asiri shi ne ƙanin matata yana zaune a Agege, ya ba mu ɗaki, matan suka riƙa girki tare. Da otal muka sauka, da kwana biyu ya ishe mu.

Idan maigidanki tsohuwar Legas ya sani, ki gaya masa ta canza. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu shi, an cike wurin da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic. Bakin ruwan Landmark ma an rushe shi a ƙarshen Afrilun 2024 saboda sabon titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Ranar farko wani bakin teku muka je a Lekki. A ƙofa aka ƙirga mu kai da kai aka karɓi kuɗi, aka karɓi na ajiye mota, aka karɓi na rumfa da kujeru, sannan wani ya zo ya ce sai mun biya kuɗin kular abincin da muka shigo da ita. Ga kiɗa daga lasifika ta kowace kusurwa, ga igiyar ruwa mai ƙarfi da ba ta bari yaro ya wuce idon sawu. Ba mu ji daɗin wurin ba.

Tarkwa Bay ne ya wanke mana rai. Sai ta jirgin ruwa ake zuwa, mu daga Marina muka hau, kamar minti 20 muka isa. Ganuwar duwatsun da aka yi wa mashigar tashar jiragen ruwa ta tare ƙarfin igiyar, shi ya sa ruwan yake kwance har yara su shiga zuwa gwiwa. Kuma manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa ta gabanku suke wucewa. Sadik ya tsaya da kwakwa a hannu ya manta da ita, yana ƙirga kwantenoni a kan wani jirgi har ya ɓace masa. Kada dai ku yarda ku hau jirgin da bai ba kowa rigar kariya ba, har ƙaramin. Mu sai da muka bar na farko ya tafi saboda ba shi da ta yara.

Hajiya Babba, Agege:
'Yata Maman Ummi, a garin nan na aurar da 'ya'yana, kuma duk hutu gidana ba ya rabo da baƙi daga Arewa. Baban Sadik ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da zan ƙara.

Kada ku je bakin ruwa ranar Asabar ko Lahadi, balle Litinin ɗin Ista. Ranar nan duk Legas can take kwarara, kuɗin ƙofa ya tashi, ga shaye-shaye da shigar da ba za ki so 'yarki ta gani ba. Talata ko Laraba da safe wurin kamar naku ne ku kaɗai. Kuma ki sani Afrilu a nan ba Afrilun Kano ba ne. Damina ta riga ta fara leƙowa, hadari kan haɗu da la'asar ya zubar ya wuce. Ku fita da sassafe, ku kamo hanyar gida kafin azahar ta yi nisa, kun tsira daga ruwan sama da cunkoson motoci gaba ɗaya. Yanzu ma akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo tun Oktoban 2024, yana rage wahala.

Maganar sutura kuma, na ga mata da yawa sun shiga ruwa da dogon hijabi har ƙasa. Idan ya jiƙe nauyi yake yi, ya nannaɗe ƙafa, igiya ɗaya ta kayar da ke. Dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi sun suturta ki, kuma kina iya tafiya. Ku riƙe tabarma ta salla. Ruwan teku yana alwala, malamai sun tabbatar.

Idan gidan 'yan uwa za ku sauka, ku zo da abin hannu: shinkafa, wake, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, yaji. A nan tsada suke, kuma mai masauki zai ji kun rage masa nauyi.

Abban Hanifa, Zariya:
Ni Badagry zan ƙara a lissafi. Ya fi Lekki arha nesa ba kusa ba, ga itatuwan kwakwa, ga tarihi. Yarana sun ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, sannan muka ƙetare a kwale-kwale zuwa Gberefu, muka taka hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa bakin teku. Babbar 'yata ta yi shiru duk tsawon hanyar, da muka dawo gida ta rubuta shi a aikin makaranta. Sai dai ruwan can na kallo ne kawai, kuma hanyar daga cikin gari tana da nisa, gara a kwana.

Malam na Dosso, Nijar:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu mutanen Nijar Kwatano ce tekunmu tun kaka da kakanni, can kayanmu ke sauka. Na kai iyalina a hutun 'yan lakwal, wato 'yan makaranta. Lokacin gadar Gaya zuwa Malanbil tana rufe ta wajenmu tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a jirgin ruwa muka ƙetare kogin Isa, wato kogin Neja, muka shiga mota ta Kandi da Paraku, sama da kilomita 700 kafin a ga ruwan gishiri. Da yara, a raba tafiyar biyu a kwana Paraku.

Abin da ya sa nake son Kwatano shi ne unguwar Zongo. Hausa ake yi, ga babban masallaci, ga tuwo da tsire, ga ɗakunan haya na fatake masu sauƙin kuɗi. Bakin ruwan Fijirose kuwa fili ne, ka shimfiɗa tabarmarka, sai in ka zauna a rumfar wani ka sayi lemo. Amma Hajiya, ruwan nan ba na wanka ba ne. Ƙasan yana zurmawa nan take, igiyar kuma ja take yi. Su kansu 'yan garin tsayawa suke daga baki.

Mun wuce Wida, kamar kilomita 40 daga Kwatano, muka kwana Garan Popo kusa da iyakar Togo. Da safe muka tarar da masunta suna jan taru daga teku. Layi biyu suka yi, maza da mata da yara, kowa ya kama igiya yana ja da baya, wani yana ba da waƙa suna amsawa, ƙafafu na nutsewa cikin rairayi. Wani dattijo ya yafito ɗana ya matsa masa wuri, yaron ya kama igiya ya ja har tafin hannunsa ya yi ja. Da tarun ya fito, kifi na ta tsalle, matan suka zo da manyan kwanoni aka fara ciniki, dattijon ya ɗauko ƙanana ya zuba wa yaron a leda, ladan aikinsa. Ko dala ba mu biya ba, kuma har yau shi ne labarin da ake yi a gidana.

Baban Sadik, Kaduna:
Malam, Allah ya saka da alheri, amma ku sefa kuke kashewa a gida, ita za ku kashe a can. Hajiya naira za ta canza. Sefa ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube ƙwarai, abin da 'yan Najeriya ke kira arhar Kwatano ya zama tarihi. Ga takardu. Biza dai babu, amma kowane yaro sai da takardarsa. Tun Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mutum shida ke nan 600,000 tun ba a taka tasha ba. Takardar tafiya ta ECOWAS ta fi shi arha, duk da haka kuɗi ne, ga katin rigakafin shawara da za a tambaya a iyakar Seme. In kuna da fasfo a ajiye, wannan wata magana ce.

Anti Nima, Akra:
Maman Ummi, da so samu ne ki zo mana, amma zan faɗa miki gaskiya. Daga Legas iyaka uku za ku ƙetare kafin ku shigo Gana: Seme, Hilakonji, Aflawo. Da ƙaramin yaro da hutun mako guda, a hanya za ku ƙare. Ku bari sai dogon hutu.

Ga 'yan uwa na Kumasi da Tamale da ke karantawa, mu mun daina zuwa Labadi da yara saboda cunkoso da kuɗin ƙofa. Ada Foah muke zuwa, kamar kilomita 100 gabas da Akra, inda kogin Volta ke shiga teku. Gefe guda kogi ne kwance, ɗaya gefen teku ne mai hauka, tsakaninsu siririn rairayi. Mukan haɗu gida biyu ko uku mu ɗauki tirotiro guda, wato ƙaramar bas ta haya, mu dafa wake da shinkafa tun asuba, kuɗin ya rabu. Wanda yake da kwana biyu ya yi yamma zuwa Kep Kos da Elmina, inda gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482 yake tsaye har yanzu.

Alhaji na Garwa, Kamaru:
Mu Kiribi muka je. Mota zuwa Gaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sai mota ta Edeya. Farin rairayi ne, ruwan ya fi na Kwatano hankali, kuma kudu da garin kaɗan kogin Lobe yana zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Abinci kada ku ci a otal. Ku je inda masunta ke sauke kifi ku saya da kanku, akwai matan da ke gasawa a wurin. Jatan lande kuwa sai kun ture. Afrilu ana ruwa, Disamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai lokacin ɗakuna sun fi tsada.

Maman Biyu, Fatakwal:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma akwai abin da na gani da idona da ya sa dole in yi magana. Wani saurayi daga Arewa, ya iya ruwan kogi sosai, ya shiga zuwa ƙugu a wani bakin teku. Ruwa ya ja shi ciki, ya riƙa kokawar dawowa kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare. Masunta ne suka fito da shi, Allah ya yi da sauran kwana.

Ruwan da igiya ta turo baki yakan taru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da gudu. Wurin yakan fi sauran duhu, ya yi lif ba kumfa, shi ya sa baƙo yake zaɓarsa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da ruwan, ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Ku tambayi masunta inda ake shiga kafin kowa ya cire takalmi. Kowane yaro a ba shi babba guda mai kula da shi, wanda ba ya riƙe da waya. Autanki kuwa kada ya bar hannunki ko a inda ruwa ke lasar ƙafa ne, don yashin zamewa yake daga ƙarƙashi. Ki sa gidan sauro da gishirin zawo da hula a jaka.

Maman Ummi, Kano:
Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci. Maganar fasfo ta raba gardama, Legas ce in sha Allahu. Dangi ba mu da su a can, sai wani abokin maigidan a Idi Araba, shi ma ɗaki biyu gare shi. Hajiya Babba, ya kike ganin za mu yi da masauki?

Hajiya Babba, Agege:
Kada ku ɗora masa mutum shida, 'yata. Ku roƙe shi ya nemo muku ɗakin haya na 'yan kwanaki mai kicin a kusa da shi, Mushin ko Surulere, ya je ya gani da idonsa, ya tabbatar akwai ruwa da wuta kafin ku tura ko kwabo. Kada ku nemi masauki a Lekki ko Victoria Island, kuɗin kwana ɗaya a can zai yi muku uku a nan. Ku iso Litinin ku huta gajiya, Talata Tarkwa Bay, Laraba Badagry ku kwana, Alhamis ku dawo ku yi tsaraba. Ki tambayi mai jirgin lokacin da zai dawo ɗaukarku, ki karɓi lambarsa. Kuɗin motar komawa Kano kuma ki ware shi tun daga gida, ki bar shi a wani asusu dabam da ba a taɓawa.