Abin da muka tattauna kan tsangwamar masu neman jinsi

Jiya da yamma a majalisarmu ta unguwar Wunti a Bauchi magana ta kai mu kan masu neman jinsi ɗaya da 'yan daudu, an ɗan yi musu sosai amma ga abin da na tsinta.

Wata anti da ke aikin nas ita ta fi daɗewa tana magana, ta ce tun da tsohon shugaban ƙasa Jonathan ya sa hannu a dokar nan ta hana auren jinsi ɗaya a Janairun 2014, ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga mai taimaka wa ƙungiyoyinsu, da yawa suka ɗauke ƙafa daga asibiti, mutum na da ƙanjamau amma tsoron a tona masa asiri ya hana shi zuwa karɓar magani sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Shawararta ma'aikacin lafiya ya kama bakinsa, fayil ɗin mara lafiya amana ne ba labarin shayi ba.

Kan iyaye kuwa an ce don Allah kar a kori yaro daga gida, kora ba ta gyara komai, tasha zai koma kwana, daga nan sai ƙwaya da ciwon damuwa, wasu har tunanin kashe kansu suke. In ya daina cin abinci ya kulle kansa a ɗaki a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Wani ya tuno yadda aka yi ta jifan kotun shari'a a nan Bauchi a 2014 ana cewa a miƙo waɗanda ake tuhuma, ni dai a ganina ɗaukar doka a hannu ba addini ba ne. Sannan a daina tura hoton mutum a WhatsApp kan zargi kawai, masu damfara da shi suke tatsar kuɗi.