OCD: wane suna za mu ba ta da mutanen karkara za su gane?

Malamin asibiti, Ringim:
Assalamu alaikum. Muna tsara bayanin da za a riƙa karanta wa jama'a ranar awo da ranar rigakafi, sai muka cije a kan sunan Hausa da za mu ba wata cutar ƙwaƙwalwa da ake kira OCD a Turance. Cutar ƙafa biyu gare ta. Ta farko tunani ne ko hoto da ke faɗo wa mutum a zuci ba da sonsa ba, ya tayar masa da hankali. Ta biyu aikin da yake ta maimaitawa don hankalin ya kwanta. Sai ya kwanta na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan sauƙin shi ke ciyar da cutar. Ma'aunin likitoci shi ne abin ya ci fiye da awa 1 kullum, ko ya hana mutum gona, kasuwa ko karatu. An kawo tsantseni, an kawo kokwanto. Me kuka gani?

Malamar Hausa, Bichi:
Malam, a cire tsantseni tun yanzu. Yabo ne, mai tsantseni tana jin daɗin tsabtarta. Mai wannan cutar kuwa tana wanke hannu har fata ta tsage, tana yi tana hawaye. Kokwanto ya kama mai komawa duba sakatar ƙofa sau goma, amma ya bar mai ƙirge-ƙirge a zuci da mai jera kwanuka har sai sun daidaita.

Limami, Gwaram:
Ai kalmar tana bakin mutane tuntuni: waswasi. Ga shi nan a bakin kowane masallaci. Mutum ya ƙarar da buta uku a alwala ɗaya, an tayar da sallah yana nan yana sake wanke ƙafa, ya shiga sahu kuma ya yi ta sake kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Malamanmu na Malikiyya suna kiran wanda shakka ta zame masa jiki mustankihi, hukuncinsa kuma ya kau da kai daga shakkar. Hadisi ma ya ce kada mai sallah ya fita sai ya ji sauti ko wari. Tsorona ɗaya, da an ce waswasi za a ce aikin Shaiɗan ne kawai, a tsaya ga ruƙiyya, ba wanda zai nufi asibiti.

Ma'aikaciyar jinya, Kazaure:
Allah gafarta Malam, shi ya sa nake ganin a ce cutar waswasi. Kalmar cuta ita za ta kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na nan Kazaure. Hukuncin da ka kawo kuwa ya yi daidai da babban maganinta. Ana rubuta abubuwan da mutum ke tsoro, a ba kowane maki daga 0 zuwa 10, a fara da mai ƙaramin maki. Ya taɓa igiyar guga, a hana shi wanke hannu, ya zauna da tashin hankalin har ya sauka da kansa. Gobe a sake, jibi a sake, sannan a hau mataki na gaba. Yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi, da aikin gida kullum. Abu biyu ke ɓata aikin. Wani ya daina wankewa a fili amma yana maimaita wata kalma a zuci, wannan ma biyewa ce. Sai 'yan gida masu tausayi, a tambayi uwa sau ashirin ko rigar nan da najasa, ta amsa sau ashirin. A koya mata ta amsa sau ɗaya ta yi shiru.

Ƙwayoyi kuma akwai fluoxetine, sertraline da clomipramine. Sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ce sun yi aiki ko ba su yi ba, kuma sau da yawa likita kan ƙara yawansu fiye da na ciwon damuwa. Mutane kan watsar a mako na uku su ce ba ya ci. In an samu sauƙi a ci gaba aƙalla shekara 1, kada a yanke rana ɗaya.

Don Allah a sa maijego a bayanin. Tunanin cutar da jaririnta kan faɗo mata, ta firgita, ta ɓoye wuƙa, ta kasa gaya wa kowa don kada a ce ta haukace. Firgitar nan alama ce ta waswasi. Wadda ta yarda da tunanin ko take jin muryoyi, wannan wata cuta ce daban, a kai ta asibiti a ranar.

Malamar Hausa, Bichi:
Na yarda, Hajiya. Ƙafa ta farko mu ce tunani mai naci, ta biyu maimaicin dole. Maganin zaman kuma tunkara ba biyewa.

Malamin asibiti, Ringim:
Na rubuta su haka. Maimaicin dole ne kawai nake jin ya yi wa baki nauyi. Zan karanta wa matan da suka zo awo ranar Talata, in ji ko su za su ce aikin dole.