Ƙanina na son kai kayan Baba baje koli a Yawunde

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu a nan Gaundare, shekaranjiya aka yi sadakar arba'in. Malamin zaure ne, bai bar wata dukiya ba sai buzunsa, carbi mai dubu, kurtun tawada, allon zayyanar saukarsa, da Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka. Ƙanina yana koyon zane a Marwa. Wai ana shirya baje kolin kayan fasaha a Yawunde, shi ne yake so ya kwashe su ya jera cikin gilashi yadda Baba ke ajiye su, don duniya ta san shi. Ni dai raina bai kwanta ba. Inna tana takaba. Kullum bayan asuba sai ta shimfiɗa buzun, ta zauna daidai inda gwiwoyinsa suka cinye gashin, tana jan carbin. In hana shi ko in ƙyale?

Wani malami daga Garwa: Allah ya jiƙan Malam. Yarinya, kayan nan gado ne, mahaifiyarku na da tumuni a ciki, don haka ba ke ko shi kaɗai ke da ta cewa ba. Alƙur'anin kuwa ban ba da shawara ba. A Malikiyya ba a taɓa Mushafi sai da alwala, to wa zai tsare wannan a jirgin ƙasa da wurin kallo? Kuma irin wannan rubutu ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne. Guda ta ɓace, an yi asarar da ba a mayarwa.

Wata 'yar uwa daga Marwa: Yaya, kar ki yi masa zafi. Kowa da irin kukansa, nasa ke nan. Allon zayyana ai dama don a gani ake ƙawata shi. Ba shi ake yawo da shi gida-gida ranar sauka ana tukwici ba?

Wani daga Injamena: Mun taɓa ba da aron sandar kakanmu, sai da muka yi shekara biyu muna sintiri kafin ta dawo. In za ku bayar, a rubuta takarda da ranar dawowa.

Wata uwa: Duk kuna ta magana, an tambayi mai takabar?

Mai tambaya: Mama, wallahi kin gama da ni, ba wanda ya tambaye ta. Na same ta ɗazu bayan la'asar. Ta ce allon ya jira ta cika wata huɗu da kwana goma, buzu da carbi kuma ko zaure ba za su leƙa ba. Da na ambaci kurtun sai ta yi dariya, karon farko tun rasuwar. Ta ce a ba shi, ai yana rarrafe shi ke shanye wa Malam tawada.