Wa ya taɓa kwana a Yankari da yara?

Uwar yara uku, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida ya yi wa yara alkawarin kai su gandun dajin Yankari idan aka yi hutun makaranta, ni kuma ban taɓa taka wurin ba. Autarmu shekararta 5. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa ku faɗa mini abin da idonku ya gani, ba na hoto ba.

Ɗan Bauchi: Wa alaikumus salam Hajiya. Daga Bauchi ku kama titin Gombe, a Dindima ku karya dama har Mainamaji, nan babbar ƙofa take. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki sai kun ƙara kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji zalla. Ku cika tanki tun a Bauchi, kuma ku yi sammako ku shiga da sauran rana.

Malamar firamare, Gombe: Ni ruwan Wikki ne ya sace mini zuciya. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, garau, har yashin ƙasa kina gani fari tas da yatsun ƙafarki a kai. Ɗuminsa bai canzawa, digiri 31 ne rani da damina, dare da rana. Mun je cikin sanyin Janairu, muka sauka bayan asuba haƙoranmu na kaɗawa, tururi na tashi a saman ruwan. Ɗana da ke tsoron ko wankan bokiti sai da muka yi da gaske kafin ya fito. Amma Yaya, wajen bakin dutsen yana da zurfi, can ƙasa ne daidai yara. Kada ki saki hannun auta. Mu mata mun fi sakewa da sassafe kafin samari su cika wurin, ki tafi da doguwar riga da wando na shiga ruwa.

Wani daga Kano: Zuwana na farko a watan Agusta ne, kuma na dawo da takaici. Ciyawa ta fi mota tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi sun watsu cikin daji ba abin da zai kawo su kusa. Awa biyu muna zagaye, gwanki ɗaya muka hango. Na koma a Maris, lokacin da ƙananan tafkuna suka ƙafe, komai sai ya gangaro kogin Gaji. Mun fita da motar safe, mai rakiya ya ce a kashe inji. Sai muka ji ƙarar karyewar reshe. Giwaye ne, suna ratsa hanya ɗaya bayan ɗaya, da ɗan jariri a tsakiyarsu yana bin gindin uwarsa. Wata babba ta tsaya ta buɗe kunnuwa tana kallonmu, ba wanda ya ko yi tari a motar. Mun kuma ga ɓauna da gwambaza a bakin ruwa. Ku sa kaya masu dogon hannu, ƙudan tsando na cizo har ta cikin riga mai shara-shara.

Malamar firamare, Gombe: Na manta ban ce ba, gwaggon biri! Cikin sansanin suke yawo. Ɗaya ya fizge ledar burodi a hannun 'yar ƙanwata, ta yi ta kuka har la'asar. Kada yaro ya riƙe abinci a fili, ku rufe ƙofa da taga da gilashin mota, kuma kada ku ba su komai da hannu. Gadu kam bai damu da kowa ba, durƙusawa yake a gwiwa yana kiwonsa a gaban ɗakuna.

Dattijo, tsohon ma'aikaci, Azare: 'Yata, ki kai su. Ni na fara zuwa ina ɗalibi, tun kafin dajin ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, na sake zuwa da jikoki bayan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. A zuwan farko ina kwance na ji gurnanin zaki cikin dare har ƙirjina na amsawa. Da na koma kwana uku na yi ina kasa kunne, shiru. Mafarauta sun yi ɓarna, kuma abin yana ci mini rai, domin garken giwayen nan yana cikin 'yan kaɗan da suka rage mana a ƙasar nan. Manoman ƙauyukan gefe su ma suna da nasu kukan idan giwa ta shiga gona, na ji da kunnena a Alkaleri. Idan kun je ku roƙi a kai ku kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse. Jikana ya leƙa ɗaya ya ce, Kaka, a nan mutane suka kwana?

Uwar yara uku, Kaduna: Allah Ya saka da alheri, Baba, na gode muku duka. Na nuna wa maigida, mun tsayar da hutun ƙarshen Maris, kwana biyu. Malama, a can kuka sayi abinci ko da naku kuka tafi?